Maigadin da Bai Taɓa Ganin Ɓarawo Ba

Ranar 29 ga Yulin 2017, ma'aikatan tsaro na kamfanin Equifax, mai hedikwata a birnin Atlanta na Amurka, suka sabunta wata takardar shaida ta kwamfuta da wa'adinta ya ƙare. Suna sabunta ta, na'urar da aka ajiye tana sa ido a kan shafin karɓar ƙorafin jama'a ta ga bayanai suna fita zuwa wani adireshi na ƙasar Sin. Ashe 'yan kutse suna ciki tun ranar 13 ga Mayu. Kafin a rufe shafin washegari sun yi kimanin kwana 76 suna jida, kuma abin da suka kwasa ya shafi mutum kusan miliyan 148: sunaye, ranakun haihuwa, adireshin gida da lambobin shaida na gwamnati. Kwamitin majalisar wakilan Amurka da ya binciki lamarin ya ce, a rahotonsa na Disamban 2018, takardar ta yi wata 19 a mace. Duk tsawon wannan lokaci na'urar tana kunne, tana shan wuta, ba ta kai ƙarar kowa ba, kuma ba wanda ya kai ƙararta.

Dalilin makantarta mai sauƙi ne. Bayanan da ke kai-komo tsakanin mutum da shafin intanet a kulle suke tafiya, kuma da wannan takarda ake buɗe su a gaban na'urar ta duba, sannan a mayar a rufe. Da takardar ta mutu sai kaya suka riƙa wucewa a ƙunshe. Tana ganin ƙunshi yana shiga, tana ganin ƙunshi yana fita, ba ta da abin cewa.

Ga wanda bai san ta ba, na'urar gano kutse maigadi ce. Kwamfuta ce da aka zaunar a bakin ƙofar netwok, ana miƙo mata kwafin duk fakitin da ya shiga ko ya fita, ita kuma tana riƙe da littafin kamannin ɓarayi mai ɗauke da dubban ƙa'idoji. In fakiti ya yi kama da wani abu a littafin sai ta yi ihu, wato ta rubuta gargaɗi. Ba ta kamu, ba ta duka, ihun ne kawai aikinta. Manhajojin da aka fi ɗorawa a wannan kujera uku ne. Akwai Snort, wadda Martin Roesch ya rubuta a 1998, take hannun Cisco tun da suka sayi kamfaninsa Sourcefire a 2013. Akwai Suricata, wadda ta fito a 2010. Sai Zeek, wadda Vern Paxson ya fara a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da sunan Bro, aka sake mata suna a 2018. Ita Zeek ba ta cika ihu ba, rubutu ta fi ƙauna: wa ya shigo, ƙarfe nawa, da wa ya yi magana, yaushe ya tafi.

Abin da ke da wuya a wannan sana'a shi ne, maigadin da ya kwana ido biyu a daren da ɓarawo bai zo ba, da wanda ya yi barci tun bayan isha'i, da wanda aka kulle a sito bisa kuskure, dukansu rahoto ɗaya suke kawowa da safe: lafiya lau aka kwana. Don haka shirun na'ura ba ya tabbatar da komai. Duk adireshin da ke fuskantar intanet, ko na shagon buga takardu ne, kwamfutocin da ke yawon ƙwanƙwasa ƙofofi sukan taɓa shi sau da yawa a kowace rana ta Allah. Na'urar da ta yi mako guda ba ta ce uffan ba, a tashi a je a duba lafiyarta.

A wani ofis da aka kira ni, manaja ya tarbe ni da takarda a hannu. Rahoton wata-wata ne, an buga shi da launi, kuma a gurbin yawan hare-hare an rubuta sifiri, wata bayan wata.

"Injiniya, ka gani ko? Tun da muka sayi na'urar nan ko ƙuda bai gifta ba."

"Madalla, ranka ya daɗe. Ko za a ba ni makullin ɗakin saba?"

"Ai ba abin da ya lalace a can. Firintar akanta ce kawai take ba mu ciwon kai."

A ɗakin saba, kebul ɗin na'urar yana reto a bayan kabad, bakinsa yana kallon ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi. A kafar suwici inda ya kamata ya shiga kuwa, wani shuɗin kebul ne, wanda da muka bi shi ta saman silin ya kai mu ofishin akanta, ya ƙare a bayan firinta. Masinja ne ya ba da tarihin. Ranar da aka kawo firintar ba a sami kafar da ba kowa ba, sai mai haɗawa ya nemi kwamfutar da ba ta da allo kuma ba wanda ke zama a gabanta, ya zare nata. Wannan kafa kuwa ita ce kafar madubi, wadda aka saita suwici ya riƙa zuba kwafin duk zirga-zirgar ofis a cikinta. Fitarwa kawai take yi, ba ta karɓar magana daga abin da aka jona mata, shi ya sa firintar ba ta taɓa buga ko shafi ɗaya ta netwok ba. Abin da ta samu shi ne kwafin duk abin da ya ratsa suwicin, dare da rana. An kira mai gyara, ya canza tawada. An sake kiran sa, ya ce wutar ofishin ce ba ta da ƙarfi, aka sayi sitabilaiza.

Daga nan ake fara bincike a ko'ina: shin tana gani? Kada a tambayi allon rahoto mai zane-zane, domin shi abin da aka ba shi yake maimaitawa. A shiga cikin na'urar kanta, a kunna tcpdump a kan katin da ke sauraro, a zuba ido. In allo ya tsaya fayau, to kebul ne, ko kati, ko kafa. Amma akwai wani hali da ya fi wannan yaudara. Layuka suna gudu a allo, mutum ya ce alhamdulillahi, ya rufe. In ya tsaya ya karanta zai ga duk sanarwar gama-gari ce, irin cigiyar ARP da kwamfuta ke yi tana tambayar wa ke da adireshi kaza, wadda suwici ke aika wa kowace kafa ba tare da an roƙe shi ba. Babu hirar wata kwamfuta da wata. Ma'anar wannan, kafar madubi ta koma kafa kamar kowace. Yadda hakan ke faruwa sananne ne: a yawancin manyan suwici saitin da ke aiki daban, saitin da aka adana daban, kuma wanda ya yi saitin ya tafi sallah bai adana ba. Ranar da aka ɗauke wuta batirin inbata ya kasa, suwici ya tashi da tsohon saitinsa. A garuruwanmu ba a daɗe ana jiran wannan rana.

In tana gani, sai a gwada ko tana ihu. Ana turo mata ɓarawon gida. Akwai shafin testmynids.org da aka ajiye domin wannan kaɗai, yana mayar da amsa mai kama da wadda kwamfutar da aka ƙwace ke bayarwa, kuma ƙa'ida mai lamba 2100498 a cikin tarin Emerging Threats tana jiran ta. A buɗe shi daga wata kwamfutar ofis ta hanyar da ba a kulle ba, a duba agogo, a jira. Ina so a lura da kyau, gwajin bai ƙare a lokacin da gargaɗi ya fito a fayil ba. Sai ya isa idon mutum mai rai, wanda yake bakin aiki, wanda kuma ya san abin da zai yi. Na ga inda gargaɗi ke tafiya cif-cif zuwa akwatin imel na ma'aikacin da ya yi ritaya.

Sai batun gani rabi-rabi, wanda ya fi makanta haɗari saboda rahoto yana fitowa, kowa hankalinsa kwance. Lissafin ba ya bukatar kalkuleta. Layin gigabit ɗaya yana iya ɗaukar gigabit ɗaya a tafiya, gigabit ɗaya a dawowa, a lokaci guda. Kafar madubi kuwa hanya ɗaya take zubawa. In aka haɗa tafiya da dawowa aka ɗura a kafar gigabit ɗaya, duk lokacin da jimillar ta wuce ɗaya, ragowar zubewa take yi, kuma suwici ba ya neman gafara, domin a wurinsa aikin madubi shi ne na ƙarshe a layi. Wasu ma kafa ashirin suke haɗawa su zuba a ɗaya. Maganin shi ne kafa mafi faɗi, ko ƙaramar na'urar nan da ake kira taf, wadda ake sakawa a tsakiyar kebul ta fitar da kowane ɓangare ta bakinsa.

Fakitin da ya tsira daga suwici yana iya zubewa a cikin na'urar kanta in aiki ya fi ƙarfinta. Suricata tana faɗin gaskiya a kan wannan in an tambaye ta: a fayil ɗin stats.log akwai adadin fakitin da ta karɓa da adadin wanda ya zube, a raba na biyu da na farko. Zeek kuma tana da capture_loss.log, inda take ƙirga lokutan da ta ga wata kwamfuta ta ce na karɓa alhali ita ba ta ga an aika ba. Wannan ƙirga ta fi amfani, domin tana kama zubewar da ta faru tun kafin fakiti ya iso. Kada a raina kashi biyu ko uku cikin ɗari. Na'urar harhaɗa hira take yi daga gutsattsarinta, kuma gutsure ɗaya in ya ɓace daga tsakiyar fayil, fayil ɗin gaba ɗaya ya kuɓuce mata.

Sauran dalilan da ke sa abu ya wuce na'urar ba za su ci mana lokaci ba. Ofis mai layin intanet biyu, fakiti yakan fita ta wannan ya dawo ta wancan, na'urar ta ji tambaya ba ta ji amsa ba. Alamar VLAN tana ƙara bayit 4 a kan fakiti, kuma matatar da aka rubuta ba a yi lissafin su ba takan nemi adireshi a gurbin da ba ya nan. Katunan zamani suna da kirkin da ba a nema ba, suna haɗe ƙananan fakiti su zama babba kafin su miƙa, sai a kashe wannan da ethtool. Sai jerin adireshin gida, wanda Snort da Suricata ke kira HOME_NET. Ƙa'idoji da yawa an rubuta su ne a kan baƙo yana taɓa ɗan gida. In jerin bai dace da inda aka zaunar da na'urar ba, maigadi ne da ba a gabatar masa da mutanen gida ba: kowa baƙo ne, baƙo yana taɓa baƙo, ba ruwansa. Littafin kamannin ma tsufa yake yi, kuma na'urar da aka hana ta fita intanet don tsaro, an hana ta karɓar sababbin ƙa'idoji ke nan, sai in wani ya ɗauki nauyin kai mata.

Akwai kuma mai ihun da ya wuce kima. A ƙarshen 2013 aka sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga shagunan Target a Amurka. Na'urar FireEye da kamfanin ya saya ta gani, ta yi gargaɗi, ma'aikatan da ke sa ido daga Bangalore a Indiya suka sanar da hedikwata a Minneapolis, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Ba na ɗora laifin irin wannan a kan lalaci. Mutumin da ake tayarwa sau dubu a rana a kan kyanwa ta haura katanga, ranar da ɓarawo ya haura zai juya ya gyara kwanciya. Duk ƙa'idar da ke ihu kullum a kan abin da aka tabbatar ba komai ba ne, a rage mata murya ko a kashe ta, a rubuta dalili da kwanan wata. Wanda ya kunna ƙa'idoji duka don kada wani abu ya wuce shi, shi ne komai ke wucewa.

Agogo ma a duba shi. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, ko ƙaramar na'urar da ba ta da batirin tun asali, takan tashi bayan ɗaukewar wuta da kwanan watan da ya shige, wasu har 1 ga Janairun 1970. Gargaɗin yana nan, an rubuta shi tsaf, yana kwance a ƙarƙashin shekarar da ba wanda zai je nema. Ko agogon lafiya ma, in na'ura ɗaya tana kan lokacin Najeriya ɗaya tana kan na Girinwic, tazarar sa'a guda ta isa ta sa a kama wanda ya zauna a kujerar bayan mai laifi ya tashi. Sai faifan ajiya, wanda in ya cika rubutu ya tsaya, fitila kuma tana nan koriya.

To amma akwai ranar da netwok ke tsayawa cak, waya ta yi ta ƙara, kowa a ofis ya zama masani, a ce an kawo hari. Sau da yawa maharin yana ƙarƙashin tebur. Ranar 11 ga Agustan 2007, kwamfutocin hukumar kwastan a filin jirgin saman Los Anjalis suka tsaya, matafiya kimanin 17,000 suka maƙale, wasu a cikin jirage a kan titin sauka, sa'o'i da yawa. Da farko layin kamfanin sadarwa aka zarga, aka ɓata lokaci a kansa. Daga ƙarshe aka gano katin netwok ne guda ɗaya, a cikin kwamfutar tebur guda ɗaya, a ginin Tom Bradley. Katin bai mutu ba, da ya mutu da an huta. Lalacewa ya yi rabi, ya riƙa zuba surutu babu tsayawa har ya toshe hanya.

Kayan netwok ba su cika mutuwa gaba ɗaya ba, kuma mai rabin rai shi ne mai wahalarwa. Abin farin ciki, suwici yana ƙirga komai. Kowane fakiti yana tafe da lambar tantancewa a wutsiyarsa, wadda ake kira CRC. Mai karɓa ya sake lissafi, in bai yi daidai ba ya san kaya sun lalace a hanya, ya jefar, ya ƙara ɗaya a ƙirgarsa. Yana kuma ƙirga guntayen da ba su kai bayit 64 ba, da waɗanda suka wuce 1518, da sau nawa layi ya faɗi ya tashi. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tun da suwici jefar da lalataccen fakiti yake yi, galibi ba ya isa kafar madubi. Na'urar gano kutse ba ta ganin ciwon, sakamakonsa take gani, wato kwamfutoci suna ta maimaita aike, hira tana yankewa, giɓi yana yawa. Sai ta fara rubuta gargaɗi a kan baƙin al'amura, mai karatu ya tsorata. Wanda ya ga haka ya bar allon tsaro tukuna, ya je ga ƙirgar suwici. Kuma ya share ƙirgar ta koma sifiri kafin ya yanke hukunci, domin kurakurai dubu hamsin ɗin da ya tarar wataƙila tun daminar bara suke. Lambar da ke hawa a gaban idonka ita ce shaida. A layi mai lafiya ba ta motsi.

Mafi yawan lokaci kebul ne. Na faɗa da ƙarfi domin mutane suna jin kunyar zargin abu mai araha. A cikinsa akwai wayoyi takwas, biyu-biyu a murɗe. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake bukata, gigabit kuwa sai takwas ɗin sun cika. Shi ya sa in ɓera ya ci waya ɗaya, ko mai matse kai bai matse da kyau ba, layin yana iya ci gaba da aiki, sai dai ya sauka daga 1000 zuwa 100 ba tare da sallama ba. In wannan layi shi ne na kafar madubi, kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa ya rage, ga rahoto yana fitowa kamar kullum. Iyakar tsawon kebul mita 100 ne, kuma bai san cewa saura mita goma kawai a kai ofishin shugaba ba. Sannan kasuwa cike take da kebul na gorar ruwa da aka shafa wa tagulla a sama. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin nauyi, yana karyewa in an lanƙwasa, yana zafi in an tura wutar kyamara ta cikinsa. A kankare waya ɗaya da reza a gaban mai shago. In fari ya fito, a mayar masa da kayansa cikin mutunci.

Wani tsohon ciwo kuma yana nan a tsofaffin kaya. In aka ɗaure ɓangare ɗaya na layi da hannu a kan magana da sauraro lokaci guda, aka bar ɗayan ya zaɓa da kansa, na biyun yakan gane gudun amma ya zaɓi yin magana bi-da-bi. Gwajin ping zai wuce lafiya, ƙaramin saƙo zai wuce, babban fayil kuwa sai ya yi ta rarrafe. Ɓangaren bi-da-bi zai nuna karon da ya makara, ɗayan ya nuna kuskuren CRC da guntaye. Ko a bar su duka su zaɓa, ko a ɗaure su duka.

Layin faiba kuwa ƙura ce abokiyar gabarsa, kuma hunturu bai taɓa tsallake shekara ba. Zuciyar faiba mai tafiya nesa maikiromita 9 ce faɗinta, ƙwayar ƙura ɗaya tana iya tare ta. Yawancin ƙananan kawunan da ake cusawa a suwici suna faɗin ƙarfin hasken da suke aikawa da wanda suke karɓa, har da zafin jikinsu, in an tambaye su. A goge baki da abin gogewa na musamman, kada a sa gefen riga, kada a hura da baki. Kuma don Allah kada wanda ya leƙa cikin faiba da ido don ya ga ko akwai haske. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya lahanta ido. Ƙurar nan dai ita ke toshe fanka, sai bazara ta zo suwici ya fara mutuwa yana tashi tsakanin azahar da la'asar. Damina kuma tana da nata: kebul ɗin tagulla da aka ja a sarari daga gini zuwa gini, tsawa ɗaya a kusa ta isa ta ƙone kafofin da ke duka bakinsa biyu. Tsakanin gine-gine faiba ake ja.

Hanyar kama mai laifi ɗaya ce, kuma tana bukatar haƙuri fiye da ilimi. A canza abu ɗaya tak, a share ƙirga, a jira. A canza kebul da wanda aka tabbatar da lafiyarsa. In kuskure bai tsaya ba, a mayar da kebul ɗin wata kafa. In ya biyo, katin kwamfutar ne. In ya zauna a tsohuwar kafa, kafar ce, a liƙe ta da salatif a rubuta a kai. Wanda ya canza kebul da kafa da kati lokaci guda ya gyara netwok, amma bai san me ya gyara ba, kuma lalataccen kebul ɗin zai koma aljihun tebur ya jira wani. A datse shi biyu kafin a jefar. In kuwa duk fitilun suwici suna ƙyaftawa tare babu numfashi, a nemi kebul ɗin da bakinsa biyu suke cikin suwici ɗaya. Fakitin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, in ya sami da'ira sai ya yi ta zagaye yana haihuwa. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan tun 1985, amma ƙananan suwici masu araha da yawa ba su da shi. Wanda ya jona kebul ɗin yawanci mutumin kirki ne, ya ga baki yana reto ya ce bari ya kintsa wurin.

Yaya ake bambance hari da lalacewa? Ɓarawo yana da bukata, don haka yana zaɓe: saba kaza, asusu kaza, kuma fakitinsa tsaf yake domin yana so ya isa. Lalatattun kaya ba su da zaɓi, duk wanda ya bi ta kebul ɗin ya sha, daga shugaba har masinja. Kuma suna bin zafin rana, ko lokacin da ake sauyawa zuwa janareta, ko lokacin da wani ke jan kujera a kan kebul. A rubuta lokutan da matsala ke zuwa na kwana biyu, sau da yawa takardar da kanta za ta faɗi suna. Sai dai wannan ma'auni yana da iyaka. Ranar 27 ga Disamban 2018, wani kati a cibiyar kamfanin CenturyLink da ke Denba ya fitar da gurɓatattun fakiti huɗu. Lambar tantancewarsu daidai take, an yi musu adireshin kowa da kowa, ba su da wa'adi, kuma suka faɗa wata hanyar cikin gida da aka bari a buɗe ba a amfani da ita. Hukumar sadarwa ta Amurka ta ce matsalar ta kai sa'a 37, ta shafi masu hulɗa har miliyan 22 a jihohi 39, kuma ɗaruruwan kiran gaggawa na 911 ba su isa ba. Ko bayan an cire katin, fakitin sun ci gaba da zagaye. Ke nan tsabtar fakiti ba ta wanke kaya daga zargi, kamar yadda samun ruɓaɓɓen kebul ba ya nufin babu kowa a ciki. Ana iya samun ɓera da ɓarawo a gida ɗaya, a gyara kebul sannan a koma a karanta kundin na'urar gano kutse.

Roƙona ga shugabannin ofisoshi, da na makarantu da asibitoci da ƙananan bankuna, waɗanda bayanan jama'a ke hannunsu amana: in an kawo muku rahoto mai sifiri, kada ku sa hannu. Ku ce a yi gwajin a gabanku, ba ya cin minti biyar, kuma ku sa a riƙa maimaita shi kowane mako da kuma bayan duk wata doguwar ɗaukewar wuta. Ku sa a rubuta ranar ƙarewar kowace takardar shaida a kalandar bango inda kowa ke gani. In yaron da ke kula da kwamfutoci ya kawo takardar neman kuɗin ƙunshin kebul na tagulla zalla, da abin gwada kebul, da abin goge faiba, ku biya kafin ku biya kuɗin sabuwar na'ura. Batirin agogon kwamfuta sunansa CR2032, kuma masu gyaran agogo na bakin kasuwa suna sayar da shi.